Takardar Da Ban Karanta Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin majalisa mai duba ƙudurin gyaran dokokin bankuna da kare haƙƙin masu ajiya, tare da 'yan kwamitinsa, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah ya sa wannan takarda ta same ka a lokacin da kake da sararin karanta ta har ƙarshe.

Yau Laraba ce, ana tsakiyar damina a nan Minna. Na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Ƙafar hagu tana kumbure tun ranar Lahadi, hawan jini yana nan inda yake, amma tari ya lafa, hannu kuma bai cika rawa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta yau, tun ina iyawa. Ina zaune a baranda, na jingina da bango, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta a kan cinyata. Na ajiye kujera ɗaya a gefe domin ina sauraren baƙo, kuma ina so in gama kafin ya iso.

Sunana Idrisu, amma a unguwarmu Tunga, Hedimasta ake ce mini. Iyayena Nufawa ne, mutanen Bida, fatauci ya kawo su Minna. Na yi karatu a zamanin da ake tsoma alƙalami cikin kwalbar tawada, na koyar shekara talatin da biyar, farko a Kagara, daga baya a nan cikin gari. Na haura tamanin. Matata ta rasu shekara shida ke nan. Ɗana guda yana Fatakwal, yakan kira ni a waya ranar sallah.

Na ji a rediyo cewa akwai ƙuduri a gabanku na gyara dokokin bankuna, domin kada su riƙa rushewa da kuɗin jama'a, kuma kuna neman jin ta bakin mutane. Na san za ku ji daga manyan ma'aikatan banki da lauyoyi, za ku kuma ji daga waɗanda aka cuta. Ni ba ɗaya ba ne daga cikinsu. Ni ne wanda aka yi cutar da bakinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi abin da na yi shekaru ina ɓoyewa, daki-daki, sannan in roƙi abin da na zo roƙo.

Na ɗaya: yadda aka shigo da ni.

Shekara huɗu da 'yan watanni ke nan, wata Asabar da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gidana. Wani magidanci mai kimanin shekara hamsin ya fito, ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce shi ɗalibina ne, ni na koya masa lissafi a aji biyar. Na tuna shi, domin yana cikin masu kaifin kai. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama sunan wurin da ya buɗe ba, tunda maganar tana hannun hukuma. Zan kira shi Manaja, yadda kowa yake kiransa.

Ya ce ya buɗe ƙaramin banki na talakawa a bakin titi. Babu dogon layi, babu Turanci, ba a yanke wa mutum ko kwabo. Ma'aikata za su bi 'yan kasuwa rumfa-rumfa su karɓi ajiyar kullum kamar yadda ake zubin adashe, a ƙarshen shekara kuma a raba riba. Ya ce ba kuɗin ruwa ba ne, ribar cinikin hatsi da doya ce, don haka Musulmi da Kirista kowa zai iya shiga da kwanciyar rai. Yana so in zama uban bankin. Ya ajiye mini turmin shadda da buhun shinkafa, ya miƙo mini katinsa. Na karɓa na ɗaga shi kamar mai karantawa. Sai ya sa hannu a hankali ya juya mini katin, ashe a kife na riƙe shi. Ya ci gaba da bayaninsa. Mai girma shugaba, ka riƙe wannan batu na kati a ranka, zan dawo kansa a gaba.

Ba zan ce shinkafa ce ta saye ni ba, ko da yake na ci ta. A lokacin na yi watanni ba wanda ya durƙusa ya gaishe ni da sunan aikina. Wanda bai tsufa shi kaɗai a gida ba, ba zai san nauyin sallama ba. Na amsa masa tun bai tashi ba.

Na biyu: takardar bango.

Dole in yi maka bayanin wata al'ada ta unguwarmu. Shekara arba'in duk takardar da ta shigo layinmu wurina ake kawo ta: sammacin kotu, yarjejeniyar fili, sakamakon asibiti, wasiƙar ɗa daga barikin soja. In karanta da ƙarfi, in fassara, sannan in ce ta yi ko ba ta yi ba. In na ce ta yi, sai mutum ya dangwala yatsa ba tare da ya sake tambaya ba. Ban taɓa karɓar sisi a kan wannan ba, kuma da shi nake taƙama.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, shekara biyu kafin zuwan Manaja ciwon yanar ido ya rufe mini ido biyu. Ina ganin mutum, ina gane hanya, amma rubutu ya zame mini kamar sawun tururuwa a cikin toka. Na ci gaba da sa tabarau don kada a gane. In an kawo takarda sai in ce a bar ta a dawo gobe. Da yamma in kai wa Madam Rifkatu, mai haya a gidana, wadda take da shagon buga takardu, ta karanta mini a asirce, washegari in maimaita kamar daga idona ya fito.

Ranar buɗe bankin aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka zaunar da ni a gaba cikin sabuwar shadda. Matan kasuwa sun zo, masu shaguna sun zo, manoman doya sun zo daga wajen Chanchaga. Ana cikin jawabi sai Manaja ya shiga ofis ya ciro wata takarda mai firam daga bango, ya ce ga izinin gwamnati, amma shi ba zai yabi kansa ba, ga Baba Hedimasta nan, ya karanta ya faɗa wa jama'a. Ya ɗora mini ita a hannu.

Ranar babu zancen a dawo gobe. Na ga jan hatimi a ƙasa, na ga wani abu mai kama da tambarin ƙasa a sama, tsakaninsu kuma hazo. Kalma huɗu kawai ake nema daga gare ni: ido ya ƙi ni. Da na faɗe su da wani ya karɓa ya karanta. Ban faɗa ba. Na gyara tabarau, na bi layi da yatsa, na motsa leɓe, ina ƙirga ɗaya zuwa talatin a zuciyata. Sannan na ɗaga kai na ce takarda ta yi. Aka yi tafi. Washegari ma da na so da na sa Madam Rifkatu ta je ta dubo mini, amma ban yi ba, domin aikenta yana nufin na amsa a gabanta cewa ƙarya na yi.

Na uku: waɗanda suka bi maganata.

Suna da yawa, waɗanda na sani da suna sun haura arba'in. Zan ambaci biyu.

Nna Fati bazawara ce, 'yar garinmu Bida, tana sayar da soyayyen kifi a bakin tasha. Kullum da la'asar takan ba ma'aikaciyar bankin naira ɗari biyar, wata rana dubu. Burinta firji, don ta daina asarar kifin da ya kwana. Ta tara naira dubu ɗari da tamanin da biyar.

Na biyun shi ne Yohanna, baƙon da nake jira yau. Manomin doya ne, mutumin Gbagyi, gonarsa ta gado tana kusa da kogin Chanchaga. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce na rubuta masa takardar koke da ta hana a kori 'yarsa daga makaranta. Tun daga nan, duk shekara, kafin ya kai doya ko ɗaya kasuwa, sai ya zaɓi uku daga sabuwar doya ya saɓa a kafaɗa, yadda mutanensu ke ɗaukar kaya, ya kawo mini da kansa. Mu gasa ɗaya a tsakar gida, mu ci da manja da barkono, yana yi mini tsiya wai Banufe bai san doya ba sai kifi, ni kuma ina ce masa ai kafaɗa ba wurin kaya ba ce. Ticha yake ce mini. Ranar da matata ta rasu, shi da yake Kirista, ya tsaya a bakin maƙabarta cikin rana har aka gama.

Yohanna bai taɓa shiga banki ba a rayuwarsa. Yakan ce banki na masu takalmi ne. Kuɗinsa a awaki yake ajiyewa da cikin wata tukunya a ƙarƙashin rumbu. Amma gari ya matso gonarsa, masu mota suna zuwa suna auna ƙasa da ido, kowa kuma ya gaya masa gonar da ba ta da takardar safiyo, wato ta awon fili, ba ta da mai ita, ko da kakanni goma aka binne a ciki. Sai ya fara tara kuɗin safiyo da takardar mallaka. Yana wurin ranar da na ɗaga firam. Mako guda bayan haka ya fasa tukunya, ya sayar da awaki, ya kai. Na tambaye shi ko ya tabbata, don in sauke nauyi daga kaina. Ya ce, "Ticha, in kai ka ce ya yi, ya yi." Cikin kaka biyu ajiyarsa ta kai naira dubu ɗari shida da ashirin.

Akwai abu biyu da na yi shekaru ban faɗa wa kowa ba. Na farko, duk ƙarshen wata ana kawo mini ambulan da naira dubu goma, wai kuɗin goro na uban banki. Na karɓa wata ashirin da shida. Yanzu na san daga tiren kifin Nna Fati suke fitowa. Na biyu, ni kaina ko kwabo ban ajiye a wurin ba. Fanshona ta ɗaya daga cikin manyan bankuna yake shigowa, kuma ba ya kai ƙarshen wata. Ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban faɗa ba.

Na huɗu: ranar kwaɗo.

Bayan shekara biyu da wata biyu aka fara cewa babu netiwok. Aka yi mako uku a haka. Wata Litinin mutane suka tarar da kwaɗo a ƙofa, an kwashe har kujeru. Manaja ya ɓace, wayarsa a kashe. Kafin azahar jama'a sun cika ƙofar gidana, wasu na kuka, wasu na zagi, wani ya jefi kwanon rufi da dutse. Ina ciki ina jinsu. Sai na ji muryar Yohanna a bakin zaure yana cewa Ticha ya karanta takarda a gaban kowa, in takardar jabu ce to shi ma ruɗinsa aka yi, wanda zai taɓa Ticha kuma sai ya fara da shi Yohanna. Mutumin da ya fi kowa asara shi ya tare mini ƙofa. Ni kuwa na zauna a gefen gado ban fito ba, na bar maganarsa ta zama gaskiyar da unguwa ta riƙe.

Daga nan muka shiga yawo. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda. Mun je wani ofishi aka tura mu wani, can kuma aka ce a cika fom ta intanet a aika Abuja. Madam Rifkatu ta cika mana mutum arba'in da uku, ba ta karɓi komai ba. Bayan wata biyar amsa ta zo cikin layi huɗu na Turanci: wurin da muke magana ba ya cikin jerin bankuna masu lasisi, don haka inshorar da ke biyan masu ajiya in banki ya faɗi ba ta shafe mu ba, mu nemi haƙƙinmu a kotu. Kowa ya ce lallai takardar bango jabu ce. Ni ma na so ta zama jabu, domin in jabu ce ko mai ido biyu za a iya ruɗa.

Na biyar: abin da na gani da ido ya buɗe.

A bazarar da ta wuce wasu likitoci suka zo aikin ido kyauta, aka yi mini na dama. Da aka cire bandeji na dawo gida, abin da na fara karantawa shi ne kalandar bankin da ke rataye a ɗakina tun shekarar buɗewa. Ga hotona cikin shadda, a ƙasa an rubuta cewa Hedimasta ya tabbatar, a gefe kuma hoton takardar nan. Na ɗauko gilashin ƙara girman rubutu na bi ta kalma-kalma, wannan karo da gaske.

Ranka ya daɗe, takardar ba jabu ba ce. Sahihiya ce. Rajistar sunan kasuwanci ce, irin wadda mai shagon siminti ko mai gidan burodi yake yi, an rubuta ƙarara cewa don cinikin hatsi da kayan masarufi. Babu kalmar banki, babu kalmar ajiya. Ɗan aji biyar ɗin da na koyar zai gane. Manaja bai wahalar da kansa da buga takardar ƙarya ba, domin tun ranar da ya juya mini kati ya san ba na gani, ya kuma san malaminsa ba zai taɓa faɗa a gaban jama'a ba. Da girman kaina ya buɗe banki, ba da wani jari ba. Hausawa sun ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ni ban tsaya ga wasa ba, na kira mutane na ce su biyo ni.

Nna Fati yanzu tana soya wa wata kifi ana biyanta da yini. Tana gaishe ni in mun haɗu, ta tambayi jiki, ni ne nake sunkuyar da kai. Yohanna bai samu yin safiyo ba. Bara wani ya zo da takarda ya zagaye rabin gonar da bulo, rabin da ke kusa da ruwa, inda doya ta fi kyau. Duk da haka shekara biyun nan doya uku ba ta fasa zuwa ba. Ya saɓo ta, muka gasa, muka ci, yana ba ni haƙuri a kan abin da aka yi mana.

Ranar Asabar na rubuta masa gajeriyar wasiƙa da manyan baƙaƙe, da yake yana karanta Hausa a coci, na ba Haruna mai keke napep, maƙwabcina, ya kai masa. Na gaya masa duk abin da na gaya maka. Na roƙe shi ya zo yau in karanta masa wannan kafin ta fita, in ya ce a cire sunansa a cire. Ba na so ya ji a bakin wani.

Yanzu ga roƙona. Ban san harshen doka ba, kuma abin da nake ji a rediyo na yawan jarin da ya kamata manyan bankuna su riƙe ya fi ƙarfina, sai dai na yarda katangar da aka kafa da ƙarfi ba ta faɗa wa masu zama a inuwarta. Ku yi wannan, Allah ya taimake ku. Amma ina roƙo a dubi ƙasa ma.

(a) A sa wa duk wurin da ke da izinin karɓar ajiya wata alama guda, babba, mai launi ɗaya a duk faɗin ƙasa, wadda mai kifi da manomi za su gane daga tsallaken titi ba tare da sun nemi wani Hedimasta ba. A riƙa karanta sunayen masu izini na kowace jiha a rediyo, da Hausa da Nufanci da Gbagyi da sauran harsuna, a kuma faɗi ƙarara wane ne inshora ta rufe, wane ne ba ta rufe ba. Mu sai bayan kwaɗo muka san akwai wannan bambanci.

(b) Wurin nan ya yi wata ashirin da shida a bakin babban titi, da allo mai ɗauke da kalmar banki, da ma'aikata masu riga iri ɗaya suna zagaya kasuwa da rana tsaka. Ban ce wani ya gani ya kau da kai ba, domin ban sani ba. Ina dai roƙo dokar ta ambaci wanda aikinsa ne ya taka da ƙafa ya tambaya, a kowace jiha, ta kuma ba shi ikon rufewa tun kuɗin mutane suna ciki. Amsar da ke cewa ba ya cikin jerinmu gaskiya ce, amma ba ta mayar wa kowa da akuya ba.

(c) Wannan ita ce ta fi mini wuya. A hana amfani da suna ko hoton dattijo, ko malami, ko limami, ko fasto, ko mai unguwa wajen tallar wurin ajiya, sai in ya sa hannu a gaban hukuma cewa ya ga lasisi kuma ya ɗauki alhaki. A ƙasarmu mutane ba takarda suke ba amana ba, fuska suke ba. Masu cuta sun san haka, ya kamata dokar ma ta sani. Da an ce mini ranar nan sa hannuna zai iya cin gidana, da na ce ido ya ƙi ni. In kuma dokar za ta waiwayi baya ta hukunta irina, ba zan yi gardama ba. Dubu ɗari biyu da sittin ɗin da na ci na fara mayarwa daga fansho, dubu biyar-biyar, ta hannun Madam Rifkatu zuwa ga Nna Fati, wadda har yau take zaton taimakon wata ƙungiya ne. In ta ji wannan wasiƙa za ta san gaskiya. Ban yi tsammanin zan kai ƙarshen biyan ba.

(d) Duk takardar da mai ajiya zai dangwala wa yatsa a rubuta ta da manyan baƙaƙe, a shafi ɗaya, a karanta masa da harshen da yake ji, kuma mai karantawar kada ya zama ma'aikacin wurin. Tsofaffi irina da suke ɓoye makanta suna da yawa fiye da yadda kuke zato.

(e) A buɗe ofishin karɓar koke a babban birnin kowace jiha, inda mutum zai shiga da ƙafarsa ya yi magana da bakinsa, a kuma yanke kwanakin da dole a ba shi amsa. Wannan har da manyan bankuna masu lasisi. Ni kaina an taɓa cire mini kuɗi a na'ura ba su fito ba, na yi zuwa huɗu a keke napep, kuɗin mota ya kusa cinye abin da nake bi.

(f) In wuri ya rushe, mai lasisi ne ko marar lasisi, aka kama dukiyar masu shi, a fara biyan masu ƙaramar ajiya. Mai miliyoyi yana da lauya, yana iya jira. Yohanna ya haura saba'in, kuma bulo ba ya jira.

A ƙarshe, in kwamitinku zai zauna jin ra'ayin jama'a, ina roƙo kada a tsaya a ɗakin taro na Abuja. Minna ba ta da nisa. Ku zo kasuwa, ku sa benci. In ina raye, in kuma ƙafa ta yarda, zan zo in tsaya a gaban mutanen da suka yi mini tafi in maimaita wannan da bakina.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka mashawarta na gari, ya tsare ka daga sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba. Allah ya ba ka tsufa mai mutane a kusa, ya sa ka gama da mutuncinka. Waɗanda na jawo wa asara kuma, Allah ya mayar musu da mafi alheri, ya sanya musu tausayina ko da ban cancanta ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Idrisu, tsohon hedimasta,
Tunga, Minna.

Ƙari: Na gama tun kafin azahar, na zauna jira. Da la'asar sakaliya na ji keke napep ya tsaya a ƙofa, na yunƙura na miƙe har sanda ta faɗi. Haruna ne shi kaɗai. Ya sauke doya uku, sababbi, da ɗanyar ƙasa a jikinsu. Ya ce a bakin hanya Yohanna ya tare shi ya ba shi. Na tambaya ko akwai saƙo, ya ce babu. Na tambaya ko ya ce zai zo gobe, ya ce bai ce ba. Ban cire sunansa ba tunda bai ce a cire ba. An kira magariba yanzu. Doyar tana nan a bakin zaure inda aka ajiye ta, ba ni da ƙarfin ɗaga ta, kujerar ma ban shigar da ita ba. Yohanna bai zo ba.